Dundumi: Abin Da Ke Faruwa A Ƙuryar Ido Idan Rana Ta Faɗi

A ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙauyukan tsakiyar Jihar Katsina, da wuya a sami tsohuwar da ba ta san dundumi ba. Yaro ne za a gan shi tun da hantsi yana ta guje-guje da tsaransa, yana harbin ƙadangare, ba abin da ya dame shi. Amma da zarar an kira sallar magariba, kaji sun soma shiga akurki, sai ya nemi gindin bango ya rakuɓe. In aka kira shi cin tuwo sai ya taho yana lalube, ya yi tuntuɓe da turmi, ya kai hannu gefen akushi maimakon cikinsa. Gari na wayewa kuwa idonsa garau, sai ka ce ba shi ne na jiya ba. Wannan shi ya sa iyaye da yawa ba su ɗauki abin a bakin komai ba. Wasu su ce ƙiwuya ce, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu kuma su yi ta yi masa faɗa a kan rashin natsuwa. Mata masu juna biyu ma sukan gamu da shi idan ciki ya tsufa, har akan sa shi cikin lissafin laulayi, a ce in an haihu zai wuce.

Likitoci ba haka suke kallonsa ba. A wurinsu dundumi shi ne gargaɗin farko da jiki ke yi cewa wani muhimmin abu ya kusa ƙarewa a rumbunsa, kuma in ba a ji gargaɗin ba, abin da ke biye da shi makanta ce, wani lokaci ma har da rasa rai. Kafin a gane dalilin haka sai an san yadda ido ke kama haske, da kuma abin da ya sa idon mai lafiya yake iya aiki da tsakar rana, ya kuma yi aiki a daren da babu wata.

Ido ɗan ƙaramin tulu ne wanda faɗinsa kimanin milimita 24 ne. Haske yakan shiga ta gaba, ya ratsa fatar nan mai sheƙi kamar gilashi, ya bi ta ɗan baƙin ramin da ke tsakiya, sa'an nan wani ɗan curi garai-garai da ke bayan ramin ya tattara shi ya jefa a kan bangon ƙurya. Shi wannan bango shafe yake da wani tantani mai laushi, wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Larabawa suna kiransa shabakiyya, watau mai kama da raga, sunan da likitoci ke kiransa da shi kuma, retina, daga kalmar Latin mai ma'anar raga aka samo shi. A Hausance ana iya ce masa tantanin gani, domin duk sauran sassan ido masu yi masa hidima ne kawai. A nan ne haske ke rikiɗa ya zama saƙo, saƙon kuma ya bi ta wata jijiya mai silala fiye da miliyan ɗaya ya isa ƙwaƙwalwa.

An daɗe kafin a gane haka. Masanan Yunan da yawa sun ɗauka ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓo abin da ake kallo. Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira, shi ne ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido, cikin littafinsa Kitabul Manazir wanda ya rubuta tsakanin shekarar 1011 da 1021. Cikin hujjojinsa har da abin da kowane yaro ya sani: wanda ya kalli abu mai tsananin haske idonsa yakan yi zafi, in ya kau da kai kuma surar abin takan daɗe tana yi masa gizo. Sai a shekarar 1604 ne Johannes Kepler ya nuna cewa a kan tantanin ƙurya surar ke sauka, kuma a kife take sauka, ƙwaƙwalwa ce ke fassara ta daidai.

A cikin tantanin nan akwai ƙwayoyi iri biyu masu kama haske, kuma sun raba aiki kamar yadda ma'aikatan asibiti suke raba shi, da masu aikin rana da masu aikin dare. Na rana suna da tsini kamar mazurari, yawansu miliyan 5 zuwa 6 ne a kowane ido. Iri uku ne, wasu sun fi jin jan haske, wasu kore, wasu shuɗi, kuma daga haɗa rahotonsu ne ake samun dukkan launukan da ake gani. Sun fi taruwa a wani ɗan gurbi da ke tsakiyar tantanin, wanda da shi ake karatu, da zura zare a allura, da gane fuskar mutum daga nesa. Na dare kuwa dogaye ne sirara kamar tsinke, yawansu ya kai miliyan 90 ko fiye, sun bazu ko'ina ban da ainihin tsakiyar gurbin nan. Ba su san launi ba, ba su kuma iya rarrabe ƙananan abubuwa, amma wajen jin haske ba su da na biyu. Kaza, wadda ƙwayoyin rana suka fi yawa a idonta, dole ta nemi akurki tun da sauran haske. Mujiya da kyanwa, waɗanda na dare suka fi yawa a nasu, a lokacin ne suke fitowa neman abinci. Yaro mai dundumi yaro ne wanda ma'aikatansa na dare suka daina zuwa aiki.

Tarkon da haske ke tayarwa

A shekarar 1876 wani Bajamushe mai suna Franz Boll, yana aiki a birnin Rum, ya lura cewa tantanin idon kwaɗon da aka ajiye a duhu ja-ja yake, amma in aka fito da shi haske sai launin ya koɗe nan da nan, in kuma aka mai da dabbar duhu sai launin ya dawo. Shekara guda bayan haka Wilhelm Kühne na Heidelberg ya ajiye zomo a duhu, ya fuskantar da shi ga wata taga mai sanduna, sa'an nan ya fiddo tantanin idonsa ya tarar da surar tagar a kai, da sandunanta duka, kamar hoton da aka wanke. Wannan abu mai koɗewa shi ake kira rodofsin, kuma shi ne ke cike da ƙwayoyin dare. A shekarar 1933 wani saurayi Ba'amurke, George Wald, ya gano cewa akwai bitamin A a cikin tantanin, ya kuma ci gaba da bincike har ya nuna cewa da shi ake gina rodofsin. Aikin nan ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a shekarar 1967.

Mafarauci zai fi kowa saurin gane yadda abin ke aiki, domin tamkar tarko ne. A cikin kowane rodofsin akwai ɗan guntun abin da aka samo daga bitamin A, a lanƙwashe, kamar tarkon da aka ɗana. Idan ɗigon haske ya faɗo a kansa sai ya miƙe. Miƙewar nan takan tayar da wasu sinadarai da yawa, su kuma kowannensu ya tayar da wasu, har ƙaramin abu ya zama babba, ƙofofin da ke jikin ƙwayar su rurrufe. Abin mamaki a nan shi ne, a cikin duhu ne ƙwayar take ta aikawa da saƙo ba fasawa, haske kuwa sa ta yin shiru yake yi. Kamar injin niƙa ne a cikin unguwa, wanda ba mai kula da ƙararsa sai ya tsaya, sa'an nan kowa ya san wani abu ya faru. Daga yawan shirun nan da wurin da ya fito ƙwaƙwalwa take sanin cewa ga haske, ga kuma inda yake. A shekarar 1942 Selig Hecht da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka suka nuna cewa ƙwayar dare guda tana iya jin ɗigon haske guda ɗaya tak, watau mafi ƙanƙantar abin da haske ke iya rabuwa zuwa gare shi, kuma in 'yan ƙwayoyi kaɗan suka ji a lokaci guda mutum zai ce ya ga walƙiya.

To, tarkon da ya tashi ba ya sake kamu sai an sake ɗana shi. Guntun da ya miƙe yakan saki, a kai shi wani baƙin shimfiɗi da ke bayan tantanin, a can a sake lanƙwasa shi a dawo da shi. Wannan aiki yana ɗaukar lokaci, kuma kowa ya taɓa ganin shaidarsa. Mutumin da ya taso daga tsakar rana ya shiga zaure ko soron ƙasa marar taga, da fari ba ya ganin komai, har yakan yi sallama bai san ko da mutum a ciki ba, alhali waɗanda ke zaune suna ganinsa sarai. Ramin tsakiyar idonsa yakan buɗe nan take, daga milimita 2 zuwa kamar 8, amma wannan ba ya ƙara hasken da ke shiga fiye da sau 16. Sauran aikin na tantanin ne. Cikin minti 10 na farko ƙwayoyin rana sukan ƙara kaifi iyakar iyawarsu su tsaya. Daga nan sai na dare su karɓa, su yi ta ƙara kaifi a hankali yayin da ake ta ɗana tarkunansu, har minti 30 ko 40. A lokacin idon ya fi yadda ya shigo jin haske fiye da sau 10,000. Da wannan dabara, da kuma wata ta rage ƙarfin amsawa idan haske ya yi yawa, ido ɗaya yake iya aiki a rana tsaka ta watan Afrilu da kuma daren taurari, ko da yake bambancin haskensu ya kai kimanin sau miliyan 100.

Komawa haske ba ta da wannan jinkiri. Cikin ɗan lokaci kaɗan tarkunan suke tashi, abin da aka tara cikin rabin sa'a ya zube. Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ta Kankiya da dare ya kamata su san da wannan. Duk wanda ya dallare wa mai tahowa babbar fitila, ya bar shi na ɗan lokaci yana tuƙi da idon da ba ya ganin mai keke ko amalanke a gefen titi, kuma idan direban dattijo ne lokacin ya fi tsawo, domin ɗana tarkon yana ƙara nawa da shekaru. Haka nan wanda ya gama kallon wayarsa ya fita tsakar gida da dare, kada ya zargi turmin da ya yi karo da shi.

Akwai wasu abubuwa biyu da mai karatu zai iya gwadawa da kansa. Da almuru, jar hula takan yi baƙi tun kore da shuɗi suna da sauran haske, domin ƙwayoyin dare kusan ba su jin jan haske. Jan Purkinje, masani daga ƙasar Cek, shi ya bayyana wannan a shekarar 1825. Sa'an nan wanda ke son ƙirga taurarin Kaza da 'Ya'yanta, in ya zuba musu ido kai tsaye sai ƙananan su ɓace, in ya ɗan kalli gefe sai su fito. Dalili kuwa shi ne, tsakiyar gani babu ma'aikacin dare ko ɗaya.

Rumbun da ke cikin hanta

A duk zagayen da ake yi na sake ɗana tarko, wani ɓangare na bitamin A yakan salwanta, dole jini ya kawo sabo. Jiki ba ya ƙera shi, daga abinci yake samunsa, ya tara mafi yawansa a hanta, inda babba mai ƙoshin lafiya yake iya ajiye na watanni da yawa. Rumbun ƙaramin yaro kuwa bai taka kara ya karya ba. Idan ya ƙare, ƙwayoyin dare ne ke fara tsayawa, shi ne dundumi. In an ci gaba a haka sai farin ido ya bushe, a ga wani farin tabo kamar kumfar sabulu a gefensa. Daga nan bushewar ta kai ga fatar nan mai sheƙi ta gaba, ta yi gyambo, ta narke, wani lokaci cikin 'yan kwanaki kaɗan. Dundumi yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu da ba da magani. Idon da ya narke ba ya dawowa.

Ba ido kaɗai abin ya shafa ba, domin da bitamin A ake kiyaye fatar cikin hanji da ta huhu. Dokta Alfred Sommer na Jami'ar Johns Hopkins ya bi diddigin dubban yara a Indonesiya, ya kuma bayyana a shekarar 1983 cewa masu dundumi ko farin tabon nan sun fi sauran yara mutuwa kimanin sau huɗu. A shekarar 1986 ya nuna a lardin Aceh cewa ba yara ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa kowace shekara saboda wannan rashi, rabinsu kuma suna mutuwa cikin shekara guda da makancewar. A Nijeriya, binciken abinci na ƙasa da aka yi tsakanin 2001 da 2003 ya sami kusan kashi 30 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ƙarancin bitamin A a jininsu.

Wanda ya dubi akushin manomin Kankiya ko Kusada a ƙarshen rani zai ga ta inda ɓarakar take. Gero da dawa da farar masara, waɗanda su ne ƙashin bayan abinci, kusan babu bitamin A a cikinsu. Ganyen miya kamar kuka da zogale da rama yana da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, amma shanya shi a rana tsaka tana ƙone kashi mai yawa, ga shi kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo, miyar talaka kuwa mai ne abin da aka fi yi mata rowa. Nonon da aka kaɗe aka kwashe mansa, bitamin ɗin ya bi man shanun ya tafi kasuwa. Dakashi, watau ruwan nonon farko da uwa ke fitarwa bayan haihuwa, cike yake da shi, amma har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar wai don ba shi da kyau. A kan wannan duka sai ƙyanda ta zo, wadda ta fi yaɗuwa a watannin zafi, ita da gudawa su kwashe ɗan abin da ya rage a hantar yaro. Shi ya sa tsofaffi suke cewa ƙyanda ta cinye wa wane ido.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne. Likitocin Misira da na Yunan tun zamanin da suna ba mai dundumi hanta, tsofaffin ƙasar Hausa ma sun san ta a kan wannan. Abin takaici shi ne yadda ake rabonta. Hantar da mahauci ya yanka da safe, da yamma tana kan tukubar mai tsire, masu cinta kuwa magidanta ne a majalisa, waɗanda su ne suka fi kowa ƙarancin bukatarta a gidan. Yaron da aka yaye da mace mai shayarwa sai dai su jira ranar layya. Alhali ɗan yanki kaɗan sau ɗaya a mako ya ishi yaro. Bayan hanta akwai ƙwai, da man shanu, da manja wanda ba a soya har ya koɗe ba, da kabewa, da karas, da gwanda, da dankali mai jan ciki, da ɗanyen ganyen da masu noman rani ke fitarwa daga fadama. Mangwaro kuwa, da yake nuna daidai lokacin da rumbun yara ya yi ƙasa, bai kamata a riƙa korarsu daga gindinsa ba.

Gwamnati ta shigo ta hanyoyi biyu. Tun shekarar 2002 doka ta wajabta wa masana'antu su zuba bitamin A a sukari, da man girki, da fulawa, da garin masara, kuma hoton ido da ake gani a jikin buhu ko galan alamar haka ce. Sai dai dokar ba ta isa ga man gyaɗan da aka matse a gida ko garin da aka niƙo a injin unguwa ba, waɗanda su ne abincin yawancin mutanen karkara, hasken rana kuma yana lalata bitamin ɗin da ke cikin man da aka ƙulla a leda aka baje a kasuwa. Hanya ta biyu ita ce ɗigon da ake yi wa yara a baki sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da yara: shuɗiyar ƙwaya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja kuma, mai ninkin ƙarfinta, ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Yaron da ƙyanda ta kama ana ba shi ranar da aka gan shi, a sake ba shi kashegari. Mace mai ciki kuwa ba a ba ta wannan babbar ƙwaya, domin yawanta yana iya yi wa ɗan tayi lahani. Nata ƙarami ne, kuma sai ma'aikacin lafiya ya auna mata.

Ba kowane dundumi ne hanta ke warkarwa ba. Akwai na gado, wanda ƙwayoyin dare ke mutuwa a hankali tun daga ƙuruciya, gani ya yi ta tsukewa daga gefe har mutum ya zama kamar mai leƙe ta kafar gora. Yakan sami kimanin mutum ɗaya cikin 4,000, kuma wani nau'insa ya fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa. Yanar ido da hawan jinin ido da ciwon sukari su ma suna rage ganin dare ga manya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta fi kowace cuta jawo haka. Saboda haka babban da ganin darensa ke raguwa, ko yaron da aka ba magani bai warke ba, wurinsa asibitin ido ne, a Katsina, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, inda za a ɗiga masa maganin buɗe ramin ido a leƙa tantanin kansa.

Ga ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe su ne za su riƙe ƙananan asibitocin ƙauyukan nan, abin sauƙi shi ne gano wannan cuta ba ya bukatar na'ura. Harshen da ya tanadi suna domin ciwo, masu shi sun daɗe da saninsa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa amsar uwa abin dogaro ce idan aka tambaye ta da sunan da ta sani. Ma'aikaci ya tambayi mai jego ko ta yi dundumi a cikin da ta haifa, ya tambayi uwa ko ɗanta yana lalube bayan magariba, ya rubuta amsar a littafi. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan yaro ɗaya cikin ɗari na masu shekara 2 zuwa 5 yana dundumi, ko mace 5 cikin ɗari sun yi shi da ciki, to abin ya zama matsalar gari, kuma wajibi ne a kai rahoto ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma.